Wa ke Kai Bayanin Kimiyya Tambuwal da Kebbe? Sharhi kan Haɗakar Masu Wayar da Kai

Da zarar an yi maganar kafa haɗaka don isar da ilimin kimiyya ga jama'a, sai ka ga kowa da inda tunaninsa ya nufa. Ma'aikacin gwamnati ya hango sabuwar hukuma a Sakkwato, da ofis da motoci da alawus. Matashi ya ɗauka harka ce ta Facebook da TikTok. Dattijo a ƙauye kuwa ya yi shiru, yana jiran ya ji wace manufa aka lulluɓe a ciki, don ya sha ganin baƙi da jakunkuna sun zo sun tafi. Wannan ruɗani yana da dalili, kuma ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato wuri ne mai kyau na warware shi, saboda duk kayan haɗin da ake buƙata suna can a warwatse.

Ma'anar kalmomin

Kimiyya, wadda muka aro daga Larabci, hanya ce ta sanin yadda abubuwa ke gudana ta lura da gwaji da auna sakamako, ta yadda wani zai iya maimaita gwajin ya ga ko zai sami abin da aka samu. Fasaha kuwa aiki ne da wannan sani don ƙera abu ko sauƙaƙa wahala. Isar da kimiyya ga jama'a ya wuce sanarwa. Mai sanarwa yana cewa a kai yara rigakafi ranar Asabar. Mai isar da kimiyya yana bayyana abin da allurar ke yi a jiki, da cutar da take hanawa, da wadda ba ta hanawa, sannan ya tsaya a yi masa tambaya.

Haɗaka a nan ita ce abin da 'yan boko ke kira netwok, kalmar da mutanen kasuwa suka fi sani da ma'anar sabis ɗin waya. Ana nufin mutane da cibiyoyi daban-daban, kowa na cin gashin kansa, amma sun san juna, suna musayar bayani, suna magana da murya ɗaya idan abu ya taso. Irin wannan tsari ya daɗe a duniya. Ƙasashen Latin Amurka sun kafa tasu mai suna RedPOP a 1990 da tallafin UNESCO, inda gidajen tarihi na kimiyya da jami'o'i da 'yan jarida ke haɗuwa. A Najeriya ma akwai Science Communication Hub Nigeria da Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Jihar Yobe, ya assasa don haɗa masu bincike da 'yan jarida. Sai dai yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi a birane suke, kuma da Turanci suke aiki.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato

Garin Tambuwal kansa yana da alaƙa da gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin ɗansa Muhammadu Buhari ne ya zauna a can, Gwandu kuma, inda Malam Abdullahi ya yi zamansa, ba ta da nisa. Malaman wannan gida ba su taƙaita ga fiƙihu da tauhidi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna da cututtuka. Amma darasin da ya fi dacewa da wannan batu na Nana Asma'u ne, wadda ta rasu a 1864. Ta ga matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ko Wurno karatu ba, sai ta naɗa jajoji, dattawan mata da ake yarda da su, tana ɗaura musu malfa a matsayin shaidar izini. Jaji ta zo da ayarinta ta karɓi darasi cikin waƙa mai sauƙin haddacewa, ta koma ƙauye ta koyar, ta kuma dawo da matsalolin mata a ba ta amsa. Tsarin 'Yan Taru ke nan. Addini da tarbiyya aka fi koyarwa a ciki, amma ginin tsarin shi ne ainihin abin da masana sadarwa ke nema yau: harshen gida, ɗan aike da aka sani, da hanyar da tambaya za ta koma wurin mai ilimi.

A zamanin Turawa an yi wani yunƙurin ta hanyar takarda da hoto. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Rupert East da Abubakar Imam suka wallafa littattafan Ikon Allah da ke bayanin halittu da sararin sama da Hausa, sai Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da motocin majigi masu nuna fim ɗin tsafta da noma a ƙofar fada. Wannan ya yi tasiri, amma daga sama yake gangarowa kawai. Majigi ba ya amsa tambaya.

Masu aikin a yau, da iyakar da ta raba su

A kowace mazaɓa ta Tambuwal da Kebbe akwai ma'aikacin lafiya na matakin farko da kwamitin raya mazaɓa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Akwai malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, da malaman kimiyya na sakandare, da mata 'yan sa-kai masu bi gida-gida, da ungozomomi da wanzamai. Akwai iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, da limaman Juma'a, da mai shela. Rediyon Rima da tashoshin FM na Sakkwato da Birnin Kebbi suna isa, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI. A can sama kuma akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, mai cibiyar binciken makamashi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da ke maƙwabtaka da Tambuwal, da NAERLS ta Zariya wadda aikinta shi ne mayar da binciken noma zuwa bayanin da manomi zai yi aiki da shi.

Akwai kuma wasu mutum biyu da ba a cika sa su a lissafi ba, alhali sun fi kowa yawan masu tambaya: mai kemis da mai sayar da maganin feshi a kasuwa. Manomin da tsutsa ta shiga masararsa ba ya neman farfesa. Shagon da zai sayi magani nan zai yi tambaya, kuma amsar da zai samu tana da alaƙa da abin da ke kan kanta.

Babbar matsalar ita ce taswira. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega. Mutumin Dogon Daji ko Sanyinna ko Jabo yana hulɗa da Aliero da Jega da Gwandu a Jihar Kebbi kamar yadda yake hulɗa da Shagari da Yabo. Mutumin Kebbe ko Kuchi yana cin kasuwa da mutanen Gummi ta Jihar Zamfara, kogin Zamfara kuma yana gangarowa daga wajen Gummi ya nufi Jega ba tare da ya nemi izinin kowane gwamna ba. Cuta da ƙwari da ambaliya da jita-jita duk hanyar kasuwa da kogi suke bi. Ma'aikata kuwa rahotonsu babban birnin jiharsu yake tafiya: na Kebbe ya aika Sakkwato, na Gummi ya aika Gusau, na Jega ya aika Birnin Kebbi. Lokacin da sanƙarau ya ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025, duk wanda ya san yankin ya san gargaɗin ya shafi Tambuwal tun ranar farko. Wannan ne ya sa ake cewa haɗakar ta zama ta yanki, ba ta jiha ba.

Abubuwa biyu da suka yi aiki

Na farko buhun ajiyar wake ne da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashen yamma da tsakiyar nahiyar daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, kowanne a ɗaure shi daban bayan an matse iska. Ƙwarin da ke cikin waken su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Yadda aka koyar da shi ne abin lura. Malamin gona ya zo ƙauye bayan kaka, wasu manoma su kawo wakensu na kansu, a ɗura a ɗaure a gaban jama'a, kowa ya tafi da nasa. Bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance buhunan a bainar jama'a. Mutum ya sa hannu ya damƙo wake, ya duba ko akwai huji ko gari, ya gwada da wanda aka ajiye a buhun da aka saba. Rediyo ya sanar da ranar buɗewa, 'yan kasuwa kuma aka haɗa su da masana'antar da ke yin buhun a Kano don kada a koyar da abin da babu shi a kasuwa. Manomi a nan ba umarni ya bi ba, gwaji ya gani da idonsa, ya kuma fahimci dalilin da ya sa huji ɗaya a leda ke ɓata aikin duka. Amfanin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake yayyafa wa wake fiya-fiya, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Na biyu a Sakkwato aka yi shi. A 2013 jihar ta fara raba man shafa cibiyar jarirai mai suna kulohezidin, da ƙwayoyin hana zubar jini bayan haihuwa, a mazaɓunta 244, da tallafin wani shiri na hukumar USAID. An yi la'akari da cewa yawancin mata a gida suke haihuwa, don haka aka ajiye maganin a hannun amintattun mutane a cikin unguwa, aka horar da mata 'yan sa-kai su yi bayani. Bayanin kuwa sai da ya ratsa ta kan kaka da ungozoma, waɗanda suka saba gasa cibiya da tsumma mai zafi ko shafa mata man goge baki. Ba a ce musu jahilai ba. An nuna musu cewa cibiya ƙofa ce a buɗe da ƙwayar cuta ke bi ta shiga jinin jariri. Duk inda kaka ta gamsu, magana ta ƙare.

Inda giɓin yake

Yaƙin shan inna shi ne haɗaka mafi girma da Arewa ta taɓa gani a fannin lafiya. Bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin daga 2003 zuwa 2004, wadda raɗaɗin gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ya ƙara wa ƙarfi, hukumomi sun gane ba za su iya su kaɗai ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar III, aka shigo da malamai da masu unguwanni da dubban mata 'yan sa-kai. An yi nasara: a 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Amma ga wani adadi da ya kamata a ajiye kusa da wannan nasara. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 3 cikin 100 kacal na yaran Jihar Sakkwato ne suka kammala allura ta uku ta rigakafin cututtuka biyar da ake yi a asibiti. Wato an shekara da shekaru ana ƙwanƙwasa ƙofofi ana ɗiga wa yara magani, amma iyaye ba su ɗauki ƙafa sun je neman sauran alluran ba. Rashin ma'aikata da nisan asibiti suna da nasu kason. Duk da haka adadin yana nuna cewa mutane da yawa sun buɗe ƙofa ne don girmama mai unguwa, ba don an fahimtar da su abin da rigakafi yake ba. Biyayya tana ƙarewa ranar da mai ba da umarni ya daina zuwa.

Sanƙarau na 2016 zuwa 2017 ya fito da wani ɓangaren. Fiye da mutum 14,000 aka yi zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa. An yi ta cece-kuce kan furucin gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, da ya danganta annobar da saɓon Allah. Amma tambayar da ke bakin talaka ta fi wannan sauƙi: ba an yi mana allurar sanƙarau shekarun baya ba? An yi, amma ta nau'in A ce, wanda ya ɓarke kuwa nau'in C ne. Bayani ne na minti biyu, rashin yin sa kuma yana sa mutum ya yanke cewa allura ƙarya ce. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a 2024, kuma ita ma tana buƙatar wannan bayanin.

Haka hasashen damina na hukumar NiMet, wanda ake fitarwa farkon kowace shekara har da fassarar Hausa. Faɗuwar damina a wurin hukumar na nufin lokacin da ƙasa ta jiƙu yadda shuka za ta rayu, ba ranar da aka fara yayyafi ba. Hasashe kuma rinjaye ne, ba alkawari ba. Manomin da ba a faɗa masa haka ba, idan ya yi shuka ta ƙone sau ɗaya, ya gama da NiMet.

Idan bayani bai zo ba, wani abu zai cike gurbinsa. A Agustan 2014, cikin dare ɗaya, saƙon waya ya tashi mutane a faɗin ƙasar nan suna wanka da ruwan gishiri suna sha don tsoron Ebola, har aka rasa rayuka. A 2010 kuma yara kimanin 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba nisa da Gummi, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Ilimin da zai hana wannan yana cikin littattafan jami'a tun da daɗewa.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu ra'ayin farko suna ganin aikin gwamnati ne, a kafa sashe, a ware kuɗi. Suna da hujja, domin shirye-shiryen masu ba da tallafi da wa'adinsu suke zuwa. Wasan kwaikwayon rediyo na Albishirin Ku da aka riƙa saurara a Sakkwato da Kebbi da Bauchi da kuɗin USAID aka yi shi, hukumar kuma gwamnatin Amurka ta rushe ta a 2025. Raunin wannan ra'ayi shi ne sashen gwamnatin jiha ba zai tsallaka iyaka ba, kuma da wuya ya faɗi abin da zai kunyata gwamnati.

Na biyu suna cewa waya ta wadatar. Gaskiya saƙon murya na WhatsApp ya dace da wanda ba ya karatun boko, kuma a Nijar ƙungiyar majalisun manoma ta RECA ta nuna ana iya amsa tambayoyin manoma da Hausa da Zabarmanci ta wannan hanya, manomi ya turo hoton ganyen da ya lalace a mayar masa da amsa. Sai dai a Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda tsaro. Mata da yawa kuma wayar maigida suke aro. Rediyo ya ci gaba da aiki a lokacin da waya ta faɗi, kuma a nan Nijar ta riga mu nisa, don tun 1999 take buɗe gidajen rediyon karkara da jama'ar gari ke gudanarwa.

Na uku suna cewa a bar wa sarakuna da malamai, su ake ji. Ana jin su, amma liman ba masanin ƙwayoyin cuta ba ne, kuma bai kamata a miƙa masa takarda a ce ya karanta a mumbari ba tare da an zauna ya yi tambayoyinsa ya gamsu ba. Idan abin ya zo da matsala, mutuncinsa ne a gaba, jami'in da ya kawo takardar ya riga ya koma birni.

Akwai kuma gardamar harshe. Wasu masana suna jin Hausa ba za ta ɗauki kimiyya ba, kuma soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022 da gwamnatin tarayya ta yi a 2025 ya ƙarfafa musu gwiwa. Wannan gardamar aji ce. A kasuwar Tambuwal babu zaɓi, ko a yi bayani da Hausa, da Fulfulde a rugage, ko kada a yi. Abin da ake buƙata shi ne masu bayanin su daidaita kalmominsu, kada rediyo ya kira abu da suna ɗaya, asibiti ya kira shi da wani.

A ganin mai wannan sharhi, kowane ɓangare ya riƙe gaɓa ɗaya ne. 'Yan aike ba su yi ƙaranci ba. Abin da babu shi ne wurin da malamin gona na Kebbe da jami'in lafiya na Gummi da malamar jami'a ta Aliero da mai gabatar da shiri a Rediyon Rima za su san lambar juna, da kuma hanyar da tambayar ƙauye za ta hau sama ta dawo da amsa cikin mako guda.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka samu irin wannan haɗaka, amfanin farko saurin gargaɗi ne: labarin sanƙarau ko tsutsar masara ko cikar kogi ya riga abin isowa. Na biyu zai koma wa masu binciken kansu, domin tambayoyin manoman albasa da shinkafa da masu kiwo za su nuna musu abin da ya cancanci bincike, kuma sanin da manoma ke da shi kan ƙasa da iri zai samu mai gwada shi. Sassaben zamani da ya farfaɗo da miliyoyin itatuwa a gonakin Maraɗi tun daga shekarun 1980 daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ya fi yaɗuwa.

Haɗarin ma a fili yake. Kamfanonin iri da maganin feshi za su so su shiga da kuɗinsu, su mai da bayani talla. 'Yan siyasa za su so a sa hotonsu. Al'adar kuɗin zama na iya mai da taron wata-wata wurin sa hannu a karɓi ambulan. Rashin tsaro a dazukan da ke tsakanin Kebbe da Zamfara zai hana zuwa ƙauyukan da suka fi buƙata, don haka dole a dogara da mutanen da ke zaune a can. Kuma duk haɗakar da ta yi kuskure sau ɗaya ta ƙi fitowa ta gyara, kuskuren zai bi duk hanyoyin da ta gina ya isa kowane gida.

Kuɗin da aikin ke buƙata bai kai na gina ofis ba: sa'a ɗaya a rediyo kowane mako da layin kira, man babur ga malaman gona, da mutum ɗaya a kowace jami'a da aka ɗora wa alhakin amsa tambayoyin da aka tattaro. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, saboda ƙarin girma a jami'o'inmu da maƙalar da aka buga a mujallar masana ake samunsa, kuma malamin da ya kwashe yammacin Laraba yana amsa tambayoyin manoman Kuchi ba a rubuta masa komai a fayil.